Bargon Ƙasan Motar Malam Kefas

Tun kafin motar ta gama tsayawa a ƙofar shago Malam Kailani ya jiyo warinta, daga warin kuma ya san yau ransa sai ya ɓaci. Ya ajiye basillar da ke hannunsa, ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Ta dawo."

Baƙar mota ce doguwa, ƙirar Ingila, irin wadda manyan Turawa ke hakimcewa a bayanta. Kujerunta fata ce zalla, gabanta katako ne mai sheƙi, ƙasanta kuma an malala jan kafet mai laushi. Wani Baturen sayen auduga ne ya sayar da ita da zai koma gida a 1956, Malam Kefas malamin asibiti ya saya. Motar ta girmi rabin 'yan makarantar Tudun Wada, amma har lokacin in ta zo wucewa sai masu tireda sun miƙe sun bi ta da kallo.

Shi kuwa Malam Kailani baduku ne ɗan baduku, daga cikin Birnin Zariya. Da ya ga motoci sun fara yawa sai ya bar ɗinkin tumtum da jaka, ya fito Tudun Wada ya kama ɗinkin kujerun mota. Ba shi da gona, ba shi da sarauta. Abin da ya mallaka a duniya sunansa ne, domin in aka ce wa mutum aikin Kailani ne, to ba ya ƙara tambaya. Wannan sunan ne motar Malam Kefas ta tasa a gaba tana ci kamar gara.

Abin da ya haɗa su ba wani babban abu ba ne. A ƙarƙashin kafet ɗin akwai wani bargo mai kauri na gashi da zaren algarara, wanda Turawa ke shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da kafet don ya tare zafin inji da ƙararsa. Zuwan motar na farko, bargon Turawan ne ya ruɓe, Kailani ya ce tsufa ne, ya cire ya yanka sabo ya shimfiɗa, har yana shafa shi yana yabon kansa. Ba a jima ba ta dawo, sabon ya zama kamar tsumman gindin randa. Damina ce lokacin, saboda haka ya ɗora wa ruwan sama laifi, ya bi duk bakin ƙofa da gilashi ya toshe, ya sake sabon bargo. To yanzu kuma tsakiyar bazara ce. Rabon garin da ɗigon ruwa tun kaka, rijiyoyi ma sai an ƙara igiya, amma ga mota ta dawo tana ɗoyi.

Malam Kefas ya fito cikin farin wandonsa na asibiti, ya rufe ƙofa da ƙarfi yadda duk masu zaman benci a gindin mangwaro za su juyo. Suka kuwa juyo, da ma aikinsu ke nan.

"Malam Kailani, barka da rana. Ga aikinka na dawo maka da shi."

"Barka kadai, Malam Kefas. Aikina lafiya lau ya bar nan."

"Lafiya lau? Ranar Lahadi na ɗauko baƙonmu daga tashar jirgi, limamin coci guda, tun daga tasha har gida hankici ne a hancinsa. Wace irin kunya ce wannan?"

Kailani ya durƙusa ya ɗaga gefen kafet, ya danna bargon da babban yatsa, ruwa ya tsattsafo. Funfuna ta yi fari fat a kai, ƙarfen ƙasa kuma tsatsa ta fara cinsa. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ba abin da ke yoyo. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a rufin da ƙofofin, ko ɗigo bai shiga ba. Ya tsaya riƙe da bokiti yana zufa, takaici kamar ya kashe shi.

"Malam, kogin Kubanni kake shiga da ita?"

"Kogin da ya ƙafe? Ka dai duba kayan da kake sawa."

Masu benci suka yi dariya. Wani daga cikinsu, don dai ya ƙara wa wutar itace, ya ce ai Alhaji Muntaka ma labari ya kai masa. Alhaji Muntaka shi ne mai manyan motocin da ke jigila tsakanin Zariya da Funtuwa, kuma ya yi alkawarin duk kujerunsu Kailani ne zai sake. In Alhaji ya ba ka aiki, sauran masu motoci sun ba ka. In ya janye, su ma sun janye. Kafin la'asar saƙo ya iso cewa Alhajin zai zo ranar Asabar ya ga motar da idonsa.

Kailani ya ce wa Malam Kefas ya tafi da abarsa gida tukuna, ya dawo da ita ranar Asabar ɗin. A ransa kuwa ya riga ya ƙudurta sai ya ga inda motar nan take kwana, ko da a bakin rijiya ake ɗaure ta.

Washegari yana idar da sallar asuba ya saɓa rigarsa ya nufi gidan Malam Kefas, can wajen hanyar Kongo. Gari ya fara wayewa, masu koko suna hura wuta. Motar tana cikin wata rumfar kwano a gefen gidan, an kewaye ta da zana. Ya duba kwanon, ba huda. Ya duba ƙasa, busasshiya ƙayau. Yana shirin juyawa yana tsaki sai ya ji ƙarar ruwa, fatsal, fatsal, daga cikin motar.

Ya zagaya. Ƙofar baya a buɗe take, ga wasu tsofaffin takalma an jera su a ƙasa. A ciki kuwa wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta durƙusa a kan kafet, ga ƙatuwar ƙwarya cike da ruwa a gefenta. Tana tsoma hannu tana yayyafawa, lungu-lungu, har ƙarƙashin kujera, kamar yadda kowace macen kirki ke yi wa daɓen ɗakinta kafin ta sa tsintsiya, don kada ƙura ta tashi. Da ta ga wani wuri bai jiƙu yadda take so ba sai ta karkata ƙwaryar ta tsiyaya masa.

Malam Kailani ya ji kamar a kansa ake tsiyayawa. Da ƙyar ya tattaro sallama.

Tsohuwar ta zabura har tsintsiya ta faɗi. Da ta ga baƙo ne sai ta sauke ajiyar zuciya, ta yi masa alama ya rage murya.

"Bawan Allah, ka ba ni tsoro. Magani ka zo nema? Bai tashi ba tukuna."

"A'a, Inna, wucewa nake. Ina kwana? Sannu da aiki."

"Lafiya lau, ɗan nan. Aiki ai ya zama dole. Ka ga shimfiɗa irin wannan, ta fi ta ɗakin amarya, amma da takalmi suke hawa. Yaran yanzu ba su san darajar abu ba. In ban share ba wa zai share?"

"Kullum kike yi, Inna?"

"Kullum ta Allah. Tun ranar da aka kawo ta."

Wannan ita ce Inna Jumai, mahaifiyar Malam Kefas. Kailani ya taɓa jin labarinta, bai dai taɓa ganinta ba. Ya ce a hankali, "To Inna, ba kya jin kamar tana ɗan wari?"

"Yo ba dole ba!" Ta gyara zama, da alama an taɓo mata inda ke mata ƙaiƙayi. "Wani baduku ne a bakin kasuwa ya cuce su. An ce Kailani ko wa? Ruɓaɓɓen kaya yake cusa musu a ƙasa. Ni da na ji warin ya yi yawa ma sai na ƙara ruwan, ko zai wanke. Jiya har kasko na kawo na yi mata turaren wuta."

"Wuta? A cikin mota?"

"Kaɗan dai. Kai in ka san mutumin nan ka ce masa ya ji tsoron Allah."

Malam Kailani, wanda ko Sarkin Dukawa bai taɓa gaya masa haka ba, ya tsaya yana sauraron tsohuwa tana wanke shi tas, hannunta kuma yana ci gaba da yayyafi a kan aikinsa. Maganar ta zo masa har leɓe. Sai ya ga ta miƙa jiki ta kan kujera, ta kama bakin zanenta tana goge sitiyari, daidai inda hannun mai tuƙi ke kamawa, bakinta yana motsi da addu'a. Ta daɗe tana gogewa, alhali ba wata ƙura a wurin.

"Shi mai motar ya san kina yi?" in ji Kailani.

Ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Wa? Mai gidan nan? Rufa mini asiri, ɗan nan. Ina ruwana da shi? Ni kafet ɗin nake tausayi."

Ya yi mata sallama ya fito yana huci. Yana zagayowa bayan zana sai ya yi kiciɓis da mutum a tsaye, da bargo a kafaɗa, ya manna ido a wata 'yar kafa ta zanar. Malam Kefas ne. Suka dubi juna. Malam Kefas ya ɗora yatsa a leɓe, ya kama hannun rigar Kailani ya ja shi har cikin lungu.

"Ashe ka sani!" in ji Kailani, yana ƙoƙarin yin ihu da raɗa, abin da ba ya yiwuwa. "Ka sani, ka zo gaban mutane kana ce mini in duba kayan da nake sawa!"

"Na sani. Tun damina na sani. Don Allah ka rage murya."

"In rage murya? Kai ka rage taka a gindin mangwaro? Mutum da iliminsa, mai yi wa mutane allura, ya kasa ce wa uwarsa, Inna, mota ba daɓe ba ce?"

Malam Kefas ya sunkuyar da kai. Duk isar nan ta farin wando ta tafi, sai wani mutum mai furfura a gemu yana wasa da bakin bargo.

"Malam Kailani, ni ɗan fari ne."

Ya gyara bargon a kafaɗarsa, ya ci gaba.

"Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. A hannun kakata na tashi a Wusasa. In na gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ranar da na gama makaranta mata suna ta guɗa, ita ɗaki ta shige ta saki labule. Coci muke zuwa tun kakanni, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda ka san ta. Na haura arba'in, Malam, wannan shi ne abu na farko da na taɓa gani ta yi mini da hannunta. In ta gane na sani, ba za ta sake ba har ta mutu. In kuwa ta ji ita ce ke ruɓar da motar, kuma gari ya ji, wallahi ko tsakar gida ba za ta ƙara fitowa ba."

"To matarka fa? Ta gaya mata mana."

"Priscilla? Suruka ta dubi uwar miji ta ce ta ɓata motar ɗanta?"

"To ka kulle motar!"

"Na taɓa kullewa. Ta zo ta ja ƙofa, ta tsaya da ƙwaryarta, ta koma. Ranar ko koko ba ta sha ba."

"Shi ya sa ni ka ga ya dace ka yanka."

"Mutane suna tambayata abin da ya sa take wari. Me zan ce musu?"

"Ka ce akuya ce ta yi fitsari! Ka ce aljanu ne! Duk Zariya ba ka ga wanda za ka laƙa wa ba sai ni?" Kailani ya fizge hannun rigarsa. "Ranar Asabar Alhaji Muntaka zai tambaye ni, ni kuwa zan gaya masa gaskiya. Ina da iyali, Malam Kefas. Uwarka ce, ba tawa ba."

Ya tafi yana magana shi kaɗai har shago, masu koko suna binsa da ido.

Ranar Asabar benci ya cika tun da hantsi, har da waɗanda ba a saba gani ba. Malam Kefas ya kawo motar ya tsaya a gefe, ya cire hularsa ya riƙe. Kailani ko kallonsa bai yi ba. Ya riga ya tsara jawabinsa tsaf, tun daga ƙwarya har kasko, kuma ya san inda zai dakata don mutane su yi dariya.

Alhaji Muntaka ya iso cikin babbar riga, mutum ne mai ƙiba marar son dogon zance. Aka gaisa. Ya leƙa motar, ya ja da baya yana yamutsa fuska, sannan ya sa sandarsa ya danna bargon, ruwa ya fito.

"Malam Kailani, na san mahaifinka, ban taɓa jin an kuka da aikinsa ba. Magana ɗaya nake so. Ruwan nan daga ina?"

Kailani ya gyara murya. Ya dubi benci, ya ga bakuna a buɗe suna jira, ya kuwa san kowane baki a nan yana da mata a gida, kuma kafin azahar labarin zai kai bakin rijiya, kafin la'asar ya shiga gidan Malam Kefas. Za a sa wa tsohuwar suna, yara su riƙa bin ta da shi. Ya tuna yadda ta ce ita kafet take tausayi, tana faɗa tana goge sitiyari. Haushi ya turnuƙe shi, haushin tsohuwar, da na ɗanta, da na Baturen da ya rasa wanda zai sayar wa mota sai ɗan fari. Ya fi jin haushin kansa, domin ya ji jawabin nan da ya sha wahalar tsarawa yana zamewa daga bakinsa.

"Gashin ne, Alhaji," ya ce. "Ɗanye na sa. Bai gama bushewa ba, shi ne yake tsattsafo da ruwa."

Wanda ya san aikin zai gane ba gashin da zai yi wata da watanni yana zubar da ruwa a bazara, amma ba wanda ya san aikin a wurin sai mai maganar.

"Har sau uku?" in ji Alhaji.

"Sau biyu, Alhaji. Na farkon na Turawa ne. Kada a ƙara mini."

Benci ya kwashe da dariya. Alhaji Muntaka bai yi ba. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kyauta. Ka kyauta da ka faɗi gaskiya." Ya juya ya ce wa direbansa gobe a kai motocinsa wurin wani baduku a Sabon Gari. Kailani ya tsaya yana kallon bayan babbar rigar har ta sha kwana, zuciyarsa tana ƙuna. Masu benci suka watse da sauri, kowa yana so ya riga wani kai labari.

Da wuri ya rage su biyu, Malam Kefas ya matso, idanunsa sun kaɗa.

"Malam Kailani, ban san da wane baki..."

"Kada ka yi mini kuka a shago, akwai isasshen ruwa a nan." Kailani ya durƙusa ya fara ɓamɓaro ruɓaɓɓen bargon yana jifa da shi waje. "Saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Zan kankare tsatsar nan in shafe ƙarfen da kwalta. Zan huda ƙananan ramuka a ƙasa, ruwa ya sami hanya. Ba zan ƙara sa gashi ba, tabarmar kaba zan ninka in sa, ita ko an jiƙa ta tana bushewa. Za ka riƙa jin ƙarar inji, zafi kuma zai gasa maka ƙafa, wannan kai ka jiyo. In ka je asibiti ka bar gilashi a buɗe ta sha iska. Kasko kuwa, in na ƙara jin an shiga da shi, da kaina zan zo in gaya mata ko ni wane ne."

"Na ji."

"Kuma ka ce wa matarka ta san yadda za ta yi ƙatuwar ƙwaryar nan ta ɓace. A ba ta ƙarama. Ƙarama sosai."

Malam Kefas ya yi dariya, hawaye suka zubo tare da ita. Ya share da hularsa, sannan ya ce, "Rannan ka rantse za ka faɗa. Me ya hana ka?"

Kailani bai ɗago ba. Kansa yana ƙarƙashin kujera, wuƙarsa tana kankarar ƙarfe.

"Ni ma ɗan fari ne," ya ce daga can ciki. "Tawa uwar ta rasu ban taɓa kama ta tana yi mini komai ba. Na kuwa yi laɓe, Allah ya sani."

Wuƙar ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

"Tsayuwar me kake yi? Cire farin wandon nan ka zo ka riƙe mini kafet."